ƊANƊANON GIYA: GARGAƊI GA SABABBIN MASU BI

Ya ɗan'uwana mai karatu, ko kana Tsamaye, ko Sabon Birni, ko Isa, ko kuwa cin rani ya kai ka wata ƙasa, Allah ya ba ka kunnen ji da zuciyar karɓa. Wannan 'yar takarda an rubuta ta dominka, kai da ka soma bin Yesu Kristi, da kai kuma da ka ke tambayar Hanya ba ka shiga ba tukuna. Batunta ƙaramin abu ne ga ido, watau ɗan ƙoƙon giya wanda a ke miƙa wa mutum kyauta, a ce masa, "Ɗanɗana ka ji." Mutane da yawa waɗanda ba su taɓa nufin zama mashaya ba, ta wurin wannan ƙoƙo suka shiga. Saboda haka ya kamata ka san shi, ka kuma shirya amsarka tun ba a miƙo maka shi ba.

1. ABIN DA A KE KIRA ƊANƊANO

A ƙasarmu ba a sayar da giya a fili. Tun da aka ci Alƙalawa a shekara ta 1808, sarautar Gobir ta watse, giya ta koma ƙauyukan arna da bayan gari. Turawa ma da suka zo ba su buɗe mata ƙofa ba: a shekara ta 1890 manyan ƙasashe suka yi alkawari a Brussels ta ƙasar Beljiyam, cewa ba za a kai barasa mai ƙarfi wuraren da ba a saba da ita ba, Gwamna Lugga kuwa ya hana kawo ta Nijeriya ta Arewa. A shekara ta 2000 Jihar Sakkwato ta ɗauki shari'ar Musulunci, sayar da giya ya zama laifi gaban alƙali.

Amma mu mutanen Gobir matafiya ne. Da an gama girbi samari su kan fita cin rani, waɗansu Maraɗi, waɗansu Kano, waɗansu Kaduna, har Ikko. Can a Sabon Gari, ko a kasuwar bariki, ko a wani ƙauye ranar kasuwa, za ka tarar da rumfa, da tukwane jere, da mutane zaune bisa benci. Mai giya ba ta tambayarka kuɗi da fari. Sai ta tsoma ludayi, ta zuba maka kaɗan cikin ƙoƙo, ta ce ka ji hannunta. Ta kusa da ita ma haka za ta yi. Mutum ya kan zaga rumfa uku ko huɗu yana ɗanɗanawa, yana cewa ta wance ta fi zaƙi, ta wance ta yi tsami, ta wance ba ta nuna ba, kafin ya zauna inda ya zaɓa.

Kada ka zaci wannan al'adar ƙauye ce kaɗai. A Amurka da Ingila akwai ƙananan gidajen giya masu yawa, inda mai gida ke dafa tasa da kansa, yana sayarwa nan take. Su kan jera ƙananan kofuna bisa katako, kowane da irin tasa giya, baƙa da ja da fara, mai ɗaci da mai ƙanshin 'ya'yan itace, mutum ya bi su ɗaya ɗaya yana yabon gwanintar mai dafawa. Irin waɗannan gidaje sun iso Ikko. Kofin gilashi ne maimakon ƙoƙo, fitilar lantarki maimakon inuwar rumfa, amma dabarar guda ce. Ɗanɗano ƙofa ne, an kuwa yi ƙofa domin a shiga.

2. ABIN DA KE CIKIN ƘOƘON

Bari mu faɗi gaskiya, gama ba daidai ba ne mai bi ya yi ƙarya ko da domin ya tsoratar da mutum daga mugunta. Dafa burkutu aiki ne mai wuya, yana kuwa bukatar sani. A kan jiƙa dawa, a shimfiɗa ta, a rufe, a riƙa yayyafa mata ruwa har ta tsira. Sa'an nan a shanya tsiron, a niƙa, a dama, a dafa cikin manyan tukwane, a bar shi ya yi tsami, a sake dafawa. Bayan ya huce a zuba masa ragowar tsohuwar giya, ya tashi ya yi kumfa. Aikin ya kan ci kusan mako guda, da itace mai yawa, da ruwa mai yawa.

Ga abin da ke faruwa cikin tukunya. Sa'ad da ƙwayar dawa ta tsira, garin da ke cikinta ya kan soma juyewa ya zama zaƙi, domin abincin ɗan tsiron ke nan wanda Mahalicci ya tanada masa. Cikin tsohuwar giyan nan kuwa akwai waɗansu 'yan halittu ƙanana, ido ba ya ganinsu, a na ce da su yisti. Su ne ke cinye zaƙin, su fitar da iska mai kumfa da kuma barasa. Barasan nan ita ce ke bugarwa. Cikin burkutu ba ta cika wuce kashi 3 zuwa 6 cikin 100 ba, kusan daidai da giyar kwalba. Da ta sauka ciki sai ta ratsa cikin jini ta hau kai. Hanta ce ke aikin kawar da ita, amma sannu ta ke yi, ba ta iya gaggawa. Abin da ya fi ƙarfinta sai ya yi ta zagawa cikin jiki. Wurin da barasa ke fara taɓawa kuwa shi ne wurin hankali da kunya da kamewa. Ka lura da wannan da kyau: mutumin da ya ce zai ɗanɗana kaɗai ya tashi, da hankalinsa cikakke ya yi wannan shawara, amma wanda zai yanke shawarar ƙoƙo na biyu, hankalinsa ya riga ya ragu. Mai tsaron ƙofa a ke fara sa wa barci.

Ka san kuma burkutu ba ta ajiyuwa. In ta kwana biyu sai ta yi tsami ta lalace. Dole mai ita ta sayar da ita yau, in ba haka ba wahalarta ta mako ta zube. Shi ya sa ta ke ba da ɗanɗano kyauta, shi ya sa kuma ta ke ba da bashi da sauƙi. Ba ƙiyayya ta ke yi maka ba, ciniki ta ke yi. Amma Hausawa sun ce kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Wanda ya sha kyauta kunya ba ta barinsa ya tashi hannu wofi.

Giyar kwalba ma 'yar'uwarta ce, uwa ɗaya uba ɗaya. A shekara ta 1949 aka fara cika kwalbar Star a Ikko. A shekara ta 1988 gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir daga waje, sai manyan masana'antun giya suka juya ga dawa. Akwai kuma wadda ta fi su duka haɗari, watau ogogoro da makamantanta, waɗanda a ke turarawa a ɓoye. A shekara ta 2015 mutane da dama suka mutu a jihohin Ondo da Ribas, saboda an sami dafin da a ke kira metanol cikin abin da suka sha. Hukumar Lafiya ta Duniya ta lissafta cewa a shekara ta 2019 kaɗai barasa ta yi sanadin mutuwar mutum wajen miliyan 2.6.

3. ABIN DA LITTAFI MAI TSARKI YA KOYA

Littafin Allah bai ɓoye faɗuwar manya ba. Cikin Farawa sura 9 an ba da labarin Nuhu, wanda ya tsira daga ruwan tufana, amma ruwan inabi na gonarsa ya kwantar da shi tsirara cikin alfarwa, har abin ya jawo la'ana cikin zuriyarsa. Cikin Daniyel sura 5 sarki Belshazzar yana cikin shagalin sha da fadawansa, a daren nan aka kashe shi, mulkinsa ya koma hannun waɗansu. Manzo Bulus, cikin wasiƙarsa zuwa ga Galatiyawa sura 5, ya lissafta buguwa tare da fasikanci da bautar gumaka, ya kuma yi kashedi cewa masu zama cikin waɗannan ba su da gado a Mulkin Allah. Buguwa dai zunubi ce, babu gardama a kan wannan.

Amma kai za ka ce, "Ni ba buguwa na ke nufi ba, ɗanɗano ne kawai." To, ka tuna da Isuwa cikin Farawa sura 25. Bai ci kasko goma ba, guda ɗaya ya ci, ya sayar da matsayinsa na ɗan fari. Girman abin da aka haɗiye ba shi ne ma'auni ba, sai girman abin da aka bayar a madadinsa. Bari in nuna maka abubuwa huɗu waɗanda mai bi na ƙasar Gobir ke bayarwa sa'ad da ya karɓi ƙoƙon nan.

4. ABUBUWA HUƊU DA KA KE BAYARWA

Na fari, rumbunka. Damina ɗaya gare mu a shekara, gajera kuwa. Abin da aka ɗaure dami a kaka shi zai kai gida har wata kakar. Ka yi lissafi da kanka: in kowace ranar kasuwa ka sha na kuɗin mudu guda, a shekara mudu 52 ke nan. A watan Agusta, sa'ad da rumbu ya yi ƙasa, gero bai nuna ba, mudu 52 ɗin nan su ne tuwon 'ya'yanka. Balle a zamanin nan. Tun shekara ta 2019 dubban mutane daga jihohin Sakkwato da Zamfara da Katsina suka ƙetare zuwa ƙasar Maraɗi saboda 'yan bindiga, gonaki da yawa suka kwana ba shuka. A watan Mayu na 2020 aka kashe mutane masu yawa cikin ƙauyukan Sabon Birni rana ɗaya. A ƙasar da ta ga wannan, dawa ba abin wasa ba ce, mai gida kuma ba shi da daren da zai kwanta ba ya cikin hankalinsa. Kuɗin cin rani da ka ke tarawa, akwai mai jiransa a gida.

Na biyu, sunan Ubangijinka. Maƙwabtanmu Musulmi ne, giya kuwa haram ce gare su ko ɗigo ɗaya. Da yawa cikinsu sun riga sun ɗauka cewa addinin Kirista addinin masu neman sauƙi ne, wanda mutum ke shiga domin ya sami damar sha. In aka gan ka da ƙoƙo a hannu, ba mai tsayawa ya auna ko rabi ne ko cikakke. Labari zai riga ka isa gida. Za a ce, "Ashe abin da ya kai wane ke nan." Daga ran nan, duk abin da ka faɗa a kan Yesu, warin giya za a ji cikinsa. Mu 'yan kaɗan ne a ƙasan nan, kowane ɗayanmu shi ne littafin da garinsu ke karantawa. Mutumin da ba zai taɓa buɗe Linjila ba, kai ya ke dubawa.

Na uku, ɗan'uwanka rarrauna. Cikin ikilisiya akwai waɗanda Ubangiji ya fisshe su daga bautar giya da ƙyar, har yanzu ƙanshinta yana kiransu. Watakila kai kana iya sha kaɗan ka tsaya. Shi ba ya iyawa. In ya gan ka kana ɗanɗanawa zai ce, "Wane ma yana yi," ya koma inda ya fito. Wannan ne batun Bulus cikin Romawa sura 14 da 1 Korintiyawa sura 8: wanda ya ke da ƙarfi ya bar abin da ya ke da iko a kansa, domin kada ɗan'uwan da Kristi ya mutu dominsa ya yi tuntuɓe. Ƙauna ta kan tafi da saurin wanda ya fi gajiya cikin ayari.

Na huɗu, tsarkin sujadarka. Wannan ya shafi ku da kuka fito daga gidajen arna da Maguzawa. Kun sani a can giya ba abin sha ba ce kaɗai. Da ita a ke biki, da ita a ke makoki, da ita a ke sallamar 'yan gayya, a kan kuma zuba ta ƙasa domin iskoki da kakanni kafin mai rai ya kai baki. Sa'ad da baffanka ya miƙo maka ƙwarya a irin wannan taro, ba ƙishirwarka ya ke dubawa ba, so ya ke ya gani ko har yanzu kai nasu ne cikin tsafi. Wanda ya ke kusantar Jibin Ubangiji ba shi da rabo cikin wannan ƙwarya.

5. AMSA GA MASU GARDAMA

Wani zai ce, "Ai Yesu ya mai da ruwa ya zama ruwan inabi a bikin Kana." Gaskiya ne, yana cikin Yohanna sura 2. Ba mu ce ruwan inabi ko dawa ƙazanta ba ne, ba mu kuma ce duk Kiristan da ya taɓa kurɓa a wata ƙasa ya hallaka ba. Ceto ba ya rataye ga abin da mutum ya ƙi ci ko sha; kyauta ne ta wurin bangaskiya ga Kristi. Amma wannan Yesu da ya yi alamar Kana shi ne ya koya mana mu yi addu'a kada a kai mu cikin jaraba, ya kuma yi kashedi mai tsanani ga wanda ya sa ƙarami tuntuɓe. Yaya za ka roƙa da safe a tsare ka daga jaraba, da la'asar ka tafi da ƙafarka ka zauna a rumfarta?

Wani zai ce, "Bulus ya gaya wa Timoti ya sha kaɗan." I, saboda ciwon ciki da yawan rashin lafiya ya faɗa, ba saboda hira ba. Wannan ma yana nuna Timoti ruwa kaɗai ya ke sha har sai da aka umarce shi. In cikinka ke ciwo, ka tafi asibiti.

Wani zai ce, "Burkutu abinci ce, tana ba manomi ƙarfi." Akwai sauran gari cikinta, gaskiya ne, amma mafi yawan zaƙin dawar yisti ya riga ya cinye. Mudun da ya zama giyar mutum ɗaya, da an tuƙa shi tuwo, da ya ciyar da shi da 'ya'yansa. Abin da mashayi ke ji kamar ƙarfi, mantuwar gajiya ce kawai, gobe kuwa gajiyar na nan ta ninka.

Wani kuma zai ce, "In na ƙi, abokaina za su ce na raina su." Daniyel saurayi ne baƙo a Babila, a fadar sarkin da ya ci ƙasarsu, duk da haka ya ƙi abincin sarki da ruwan inabinsa, ya ƙi da ladabi, Allah kuwa ya ba shi farin jini. Rekabawa, cikin Irmiya sura 35, annabi ne da kansa ya jera musu kwanonin ruwan inabi a Haikali, suka ƙi saboda umarnin kakansu, Allah ya yabe su. Ƙin ƙoƙo ba ƙin mutum ba ne.

6. GA 'YAR'UWA MAI DAFA GIYA

Ke kuma, 'yar'uwata, wadda da tukunyar giya kika ciyar da marayu, kika biya kuɗin makaranta, ba mu raina wahalarki ba. Ubangiji ya san abin da barin sana'ar nan zai ci miki. Amma ki duba fuskar matan da mazajensu ke kwana a rumfarki. Hannun da ya gwane da dawa da wuta ba zai rasa abin yi ba: ga kunun zaƙi, ga koko da ƙosai, ga fura, ga daddawa, ga ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Ribarsu ba ta kai ta giya ba da fari, ba za mu ruɗe ki ba. Saboda haka wajibi ne a kan ikilisiya, dattawa da zumuntar mata, su haɗa mata jari, su riƙa saye wurinta, su tsaya tare da ita har ƙafarta ta kafu. Ikilisiyar da ta ce wa gwauruwa ta fasa tukunya, ba ta kuwa ba ta mudu ɗaya ba, ta ɗora mata kayan da ita kanta ba ta taɓa da yatsa ba.

7. YADDA ZA KA TSAYA

Ba a fafe gora ranar tafiya. Ka yanke shawara tun kana gida, a gaban Allah, ka kuma gaya wa wani ɗan'uwa amintacce domin ya riƙa tambayarka. In ka sauka baƙon gari, ka nemi masu bi tun ranar fari, kafin ka nemi wurin hira; zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai. Kuɗin da ka samu kada ya kwana da yawa a aljihunka, ka aika gida. In an miƙo maka ƙoƙo, kada ka ce, "Ba yau ba," gama mai cewa ba yau ba ya yi alkawarin gobe. Kada kuma ka yi wa'azi da fushi ko ka zagi masu sha. Ka ce, "Na gode, ni ba na sha, ni mai bin Yesu ne." Sau biyu ko uku za su gwada ka, daga nan su bar ka, wata rana ma wani cikinsu zai zo maka da dare yana tambaya yadda ka iya. In kai ne mai gayya, ka ciyar da masu taimakonka da tuwo da nama da fura har su ƙoshi, domin kada a ce shiga addinin Kirista rowa ya koya maka.

In kuwa ka riga ka faɗi, kada ka ɓuya, kada ka daina zuwa sujada saboda kunya. Shaiɗan ya kan ce wa mutum kafin zunubi, "Ƙarami ne," bayan zunubi kuma ya ce, "Ya fi ƙarfin gafara." Duka biyu ƙarya ne. Bitrus ya yi musun Ubangijinsa sau uku, aka komo da shi, aka ba shi kiwon tumaki. Ka hurta laifinka ga Allah, ka tafi wurin dattawan ikilisiya. Wanda kuma ya daɗe yana sha da yawa kowace rana, har jikinsa na rawa in bai sha ba, kada ya yanke gaba ɗaya shi kaɗai a ɗaki, gama wannan ya kan kawo farfaɗiya, har da mutuwa. A kai shi wurin likita, 'yan'uwa kuma su kewaye shi da addu'a.

Ya ɗan'uwana, Ubangiji bai kira ka domin ya hana ka farin ciki ba. Abin da mashayi ke nema cikin ƙoƙo, watau hutawa daga damuwa, da zumunci, da mantuwar baƙin ciki, yana samun inuwarsa ta sa'a biyu, ya farka da bashi. Ainihinsa kuwa yana wurin Kristi, da cikin zumuntar jama'arsa, ba a kuwa farkawa daga gare shi da ciwon kai. Ka yi wannan addu'a da zuciya ɗaya:

Ya Allah Ubanmu, kai ne ka ba mu damina da dawa domin abincin 'ya'yanmu. Ka tsare hannuna daga ƙoƙon jaraba, ka tsare bakina daga kunyar faɗin sunanka. Ka cika ni da Ruhu Mai Tsarki, ka sa in zama sanda ga rarrauna, kada in zama dutsen tuntuɓe. Ka ba ƙasarmu ta Gobir salama. Na roƙa cikin sunan Yesu Kristi Mai Cetona. Amin.